Layi na Huɗu Daga Rijiya

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe tara na safe

Auta ce ta sayo littafin nan. Likita ta ce a riƙa rubuta lokacin da uwarta ta sha magani, da abin da ta ci, da abin da ta yi wanda ba ta saba yi ba. Na ce ni ba ruwana da takarda, kaina ya isa. Auta ta ce, "Baba, ba don kanka ba ne, don likita ne." To ga shi ina rubutawa. Ban taɓa zama a aji ba. Rabin haruffan nan a jikin allunan shaguna na tsince su, rabi kuma Auta ta ɗura min tana 'yar firamare. Wanda ya ga layin ya karkace, ya karkatar da wuyansa.

Ta sha ƙwaya ɗaya. Ta ci rabin burodi. Ta sa takalmina a cikin tukunya ta rufe.

Talata, 3 ga wata, da yamma

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina kula da maƙabartar da ke bayan gidanmu. Ba allo, ba lamba, tudu ne kusa da tudu, damina biyar ta wuce sai ka rasa wanne ne wanne. Duk mai neman nasa, ni yake nema. Shi ya sa ake kirana Baba Rajista. Sau biyu 'yan kwamiti suna kawo min babban littafi wai a riƙa rubutawa, sau biyu ina mayar musu. Na ce gara ta fi su son takarda, su kai mata.

Yau wani ya zo. Direban babbar mota ne, zai yi shekara arba'in da ɗoriya, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce mahaifiyarsa mai ɗinki ce, wadda ke zama da kekenta a bakin tsohuwar tasha. Shekara goma sha tara da rasuwarta, shi yana wata ƙasa, ba takardar dawowa. Sai watan jiya ya samu ya shigo.

Na tuna matar. Na tuna an yi yayyafi ranar.

Na ce masa ya zauna, in je gida in sha ruwa. Dogo, abokin haƙana, yana jingine da shebur ya ce masa, "Kada ka damu, haka yake. Rajistar ba ta buɗuwa sai an jiƙa ta."

Na je. Na dawo. Na kai shi layi na huɗu daga rijiya, na biyu daga mangwaro. Na ce ga ta nan.

Ya daɗe a tsugune. Ni na koma wajen ƙofa.

Ta sha magani.

Laraba, 4 ga wata, da safe

Ta sha magani. Ba komai.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe huɗu

Auta ba ta karanta littafin nan, ta ce rubutuna yana sa mata ciwon kai. To bari in rubuta.

Ba ruwa nake zuwa sha ba.

Tsohuwa, uwar Auta, ba ta taɓa taka cikin maƙabartar nan ba, ko sau ɗaya. Amma tun muna da ƙuruciya, in na dawo da yamma ta kawo min ruwan wanke ƙafa, sai ta tambayi wa aka kai yau. In faɗa mata suna, da layi, da abin da ke kusa. Ta maimaita sau ɗaya tana tsince shinkafa. Shi ke nan, ya zauna. Bayan shekara ashirin in na shigo na ce, "Innar Auta, mai gyaran agogo fa?" ba ta ko ɗagowa. "Layi na tara, jikin katanga, inda ka ce bulo ya tsage. Ƙaninsa na ƙafafunsa." Sai in goge baki in fita, in yi tafiyar manya, in nuna da sanda.

Ni fuska nake riƙewa, da yanayin ranar, da wanda ya yi kuka da wanda ya yi ta duba agogo. Wuri kam, ita ce.

Ba ta taɓa cewa in faɗa wa kowa ba. Ni ma ban taɓa tambayarta ko tana so ba.

Ranar Talata da na shigo, na tarar da ita tana ninke ɗankwali tana warwarewa. Na ce, "Mai ɗinkin tsohuwar tasha." Ta dube ni da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, ta miƙo min cokali.

Asabar, 7 ga wata, da hantsi

Direba ya dawo da fartanya da jarka. Ya cire ciyawa, ya gyara gefen da ya zaizaye, ya yayyafa ruwa. Ya kawo min rigar sanyi mai kauri, ya ce a can ya saye ta don wanda duk ya nuna masa wurin, tun bai san ko wane ne ba. Na ce ba na jin sanyi. Ya ce, "Haba Baba, kada ka mayar da hannuna." Dogo ya ce in ba na so shi yana so, ƙashinsa ya fi nawa tsufa.

Na karɓa. Tana rataye a bayan ƙofa.

Wataƙila ma nan ɗin ne. Ai ƙafata ba za ta kai ni wurin haka kawai ba. Shekara arba'in da ɗaya.

Lahadi, 8 ga wata

Ta sha. Ta ƙi wanka. Matar maƙwabci ta leƙo gaisuwa, na ce tana barci, ƙafar ce ta motsa. Shekara guda ke nan ƙafar nan tana motsawa.

Talata, 10 ga wata, bayan azahar

Ya sake zuwa. Yanzu ba ya jirana, kai tsaye yake wucewa.

Da ya gama ya zauna kusa da ni a kan benci. Ya ce ranar da zai tafi sun rabu ba daɗi. Ta hana shi, ya fita da asuba bai yi mata sallama ba. Ya ce shekara goma sha tara abin yana cinsa, sai makon nan ya fara cin abinci yana jin ɗanɗano. Ya ce ya ba mai walda aikin allon ƙarfe da sunanta, zai kafa shi da siminti ranar Asabar ta sama, 21 ga wata, sannan ya kawo 'ya'yansa mata biyu su ga inda kakarsu take.

Na ce madalla.

Ya yi dariya ya ce, "Ka san ta, Baba, 'yar tsurut ce. In ta hau keken ɗinki sai an sa mata katako a ƙarƙashin ƙafa."

Bayan ya tafi Dogo ya je ya tsaya a kan wurin. Ya auna da sandar shebur, ya ƙara rabi. Ya juyo ya ce, "Rajista, matar nan tsawo ta ƙara a ƙasa?"

Na ce ruwa ne ya baje ƙasar.

Ya ce, "Ruwa." Ya tafi wanke shebur.

Laraba, 11 ga wata, da safe

Da safe ta fi zama daidai, don haka na gwada. Na haɗa mata shayi yadda take so, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Na ce mai ɗinki. Ta ce, "Layi na bakwai." Murna ta kama ni. Na ce kusa da me? Ta ce kusa da famfo. Ba famfo a maƙabartar shekara goma sha tara da suka wuce, kuma famfon yanzu yana layi na ɗaya. Na sake tambaya. Ta ce layi na biyu. Na sake. Ta ce, "Ai tana kasuwa, ɗazu ta wuce."

Na sake. Na sake.

Laraba, da yamma

Ba zan rubuta ba.

Alhamis, 12 ga wata

Ta sha magani a hannun Auta. A nawa ta ƙi.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe biyar

Auta ta taso daga shagon da take aiki ta zo yi mata wanka. Ta fito daga ɗaki hannunta da kumfa, ta ce, "Baba, me ya sami wuyan hannun Inna?"

Na ce ƙofa ce.

Ta ce, "Ƙofar nan yatsu huɗu gare ta?"

Na ce ni ubanta ne, ta iya bakinta. Ta ce ta sani, shi ya sa take tambaya a hankali. Ta koma ciki. Ina jinta tana yi wa uwarta waƙar da uwar ke yi mata tana ƙarama.

Shekara hamsin da aure ban taɓa ɗaga mata ko yatsa ba. Kowa ya sani. A tambayi kowa.

Asabar, 14 ga wata

Ban je aiki ba. Na aika wa Dogo cewa baya ne.

In na shigo ɗaki sai ta tura hannun ƙarƙashin zani. Ba ta san ko ni wane ne ba, amma hannun ya sani.

Litinin, 16 ga wata, bayan mun dawo asibiti

Mun yi awa uku a kan benci kafin a kira mu. Likitar yarinya ce, ba ta girmi Auta ba. Ta nemi littafi, na ce na manta shi a gida. Yana cikin aljihuna.

Ta nuna mana hoton kai a jikin fitila. Ta ce ƙwaƙwalwar ce ke raguwa a hankali, maganin yana rage gudu ne kawai, ba ya dawo da abin da ya tafi. Na ce amma matar nan tana riƙe da mutum ya fi dubu a kanta. Likita ta yi murmushi, ta ɗauka yabon miji ne.

Sai ta ce, "Baba, abu ɗaya zan roƙe ku. Kada a riƙa yi mata jarrabawa. Wane ne wannan, kin tuna wancan. Ku kun ga tambaya ce, ita kuwa kamar an tsayar da ita a bakin rami ne. Za ta manta tambayar, tsoron ne zai zauna."

Ta ɗaga hannun tsohuwa za ta auna jini. Ta ga wurin. Ya koma ruwan ɗorawa yanzu. Ta dubi Auta, Auta ta dubi bango. Ba wanda ya dube ni. Da ma sun dube ni.

A mota tsohuwa ta yi ta gaishe da mutane ta taga. Ta ce wa kwandasta ya gaishe da babarsa.

Talata, 17 ga wata, da yamma

Na zagaya maƙabartar tun daga ƙofa har katangar baya, layi layi, ni kaɗai. Na ce in ƙafata ta sani, to ta nuna min. Na tuna yayyafi. Na tuna wani mai jar hula ya zame. Na tuna ƙasar ta yi danƙo a shebur. Ƙasa mai danƙo tana wajen rijiya, tana kuma wajen katangar gabas, tana kuma can ƙasa inda ruwa ke kwanciya.

Dogo ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Shekara talatin ina ganin kana zuwa shan ruwa, ga randa a nan ƙofa."

Na ce ruwan randar nan ɗumi gare shi.

Ya ce, "Yaya jikin nata?"

Na ce ƙafa ce.

Ya ce, "Allah ya ba ƙafa lafiya." Ya ɗauki shebur. "Asabar dai siminti ne, Rajista. Siminti ba ya jin a yi haƙuri."

Laraba, 18 ga wata

Me Direba zai rasa in bai sani ba? Addu'a ai ba ta ɓatan hanya. Mutumin ya fara cin abinci. Ni ne zan je in cire masa cokali daga baki?

Kuma in na faɗa, sai an tambayi dalili. In an tambayi dalili, sai an shigo ɗakin nan. Su ga matar da ke gyara wa unguwa lissafin shekarun 'ya'yansu tana sa takalmi a tukunya. Ita nake rufa wa asiri.

Ta sha magani. A hannun Auta.

Alhamis, 19 ga wata

Na karanta abin da na rubuta jiya. Ba ita nake rufa wa ba.

Juma'a, 20 ga wata, da la'asar

Na bi ta gaban mai walda. Allon yana jingine a waje, an shafa masa koren fenti, sunan da fari. Na tsaya na haɗa haruffan ɗaya bayan ɗaya. Mai walda ya ce, "Baba Rajista, ya yi?" Na ce ya yi.

Na san layin da Direba yake haya. Na kai bakin layin. Na sayi ashana na dawo.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe uku

Ya zo tun ƙarfe takwas da allon a kafaɗa da rabin buhun siminti. Ya ce yaran suna tafe da uwarsu in rana ta yi sanyi. Dogo ya haƙa masa ramin ƙafar allon. Direba ya zuba siminti da yashi a kwano, ya juya, ya ɗauki jarka.

Na ce, "Dakata."

Ban san muryata za ta fito ƙarama haka ba. Na ce, "Ɗana, ban san inda mahaifiyarka take ba."

Ya riƙe jarkar a sama. Ya yi 'yar dariya, ya dubi Dogo. Dogo yana duban ƙasa.

Na faɗa masa duka a tsaye, da rana a kaina. Ruwan da ba na sha. Matar da ba ta taɓa shigowa nan ba. Cokalin. Na ce tana cikin maƙabartar nan, wannan kam na rantse, da hannuna na sa ta. Amma ba na ce nan ba ne.

Ya ajiye jarka. Ya ce, "To wa nake yi wa shara kwana goma sha takwas?"

Na ce ban sani ba.

"Wa na ba haƙuri?"

Na ce ban sani ba.

Na ɗauka zai zage ni, na ma shirya. Sai ya ce, "Kai ni wurinta."

Shekara guda ba baƙon da ya wuce zauren gidana. Na shige gaba, yana biye, hannunsa duk ƙurar siminti. Auta ta gan mu ta miƙe, na ce ta bari. Tsohuwa na kan tabarma da ɗankwalinta, tana ninkewa. Ya durƙusa ya ce, "Mama, ina wuni. Ni ne ɗan mai ɗinkin tsohuwar tasha."

Ta dube shi ta daɗe. Ta ce, "Mai magana da allura a baki?"

Ya ce, "Ita."

"Na ce mata wata rana sai ta haɗiye. Ba ta ji." Ta yi dariya, irin dariyarta ta da. "Kai ne mai taurin kan? Ta yanka maka riga ta ƙi ɗinkewa, wai sai ka dawo ta ga ko ka yi ƙiba. Kullum in na je tana saman keke a ninke. Je ka ta auna ka mana, kana nan kana zaune."

Ya sa fuska a cikin tafin hannu. Simintin ya shafe masa gemu. Da ya ɗago ya matsa kusa, ya ce, "Mama, don Allah, a wane layi—"

Na ce, "A'a."

Ya juyo.

Na ce, "Ni ka tambaya, ni na yi maka ƙarya. Ka yi min duk abin da ka ga dama a waje. Ita ba a ƙara tambayarta."

Ya dubi hannunta, wanda ta manta ba ta ɓoye ba. Ya dube ni. Bai ƙarasa tambayar ba. Ya yi mata sallama, ta ce ya gaishe da babarsa.

Na ɗauko rigar sanyin a bayan ƙofa na bi shi zaure. Bai karɓa ba, bai kuma ce in riƙe ba. Yana sa takalmi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tun yaushe take haka?"

Na ce shekara guda da 'yan watanni.

Ya ce, "To mu nawa ne, Baba?"

Na tsaya riƙe da rigar. Ya tafi. Dogo ya ce ya ɗauki allonsa, ya bar simintin.

Lahadi, 22 ga wata, da safe

Goma sha ɗaya ne na nuna wa wuri tun da ta fara mantuwa, har da shi.

Fuska kam ina riƙewa. Na san gidajen bakwai. Sauran ukun sai na yi tambaya a kasuwa, kuma duk wanda na tambaya zai so ya ji dalili.

Auta ta karanta littafin jiya, duk da ciwon kan. Yau ta zo tun da wuri ta ce za ta zauna da uwarta har in dawo. Ta ce in hau mota, na ce da ƙafa zan je.

Na farko mai facin taya ne a bayan gidan mai. Ɗansa aka binne, ɗan shekara shida. Duk ƙarshen wata yake zuwa, shi da ledar ruwa biyu, ya zauna a inda na nuna masa.

Ta sha magani. Zan fita.